RAMI KO NA'URAR ƊAGA MOTA? SHAWARA GA MAI GINA GAREJI A GIDA

Wani malamin makaranta daga ƙasar Gwaram ya aiko mana da takarda, ya ce Allah ya hore masa ya sayi 'yar mota ta hannu, yanzu kuwa yana cikin ginin gida, har ya ware ɗaki guda a gefen zaure domin ajiye ta. Ya ce shi mutum ne mai son taɓa ƙarfe, tun yana yaro shi ke gyaran kekensa, daga bisani ya koma gyaran babur, saboda haka yana so ya riƙa leƙa ƙarƙashin motar nan da kansa, ya juye baƙin mai, ya ɗaure abin da ya kwance, ba sai kullum ya kai wa makanike ba. To, abokansa sun rabu biyu. Waɗansu sun ce ya haƙa rami a tsakiyar ɗakin tun ba a zuba daɓe ba. Waɗansu kuwa sun ce rami ya zama tsohon yayi, gara ya yi tanadi ya sayo na'urar nan mai ɗaga mota sama, irin wadda a ke gani a manyan garejojin Kano. Shi ne ya roƙe mu mu raba gardama.

Mun ga ya kyautu mu amsa masa a fili, domin mun san ba shi kaɗai ne ke wannan tunani ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, ɗawainiyar mota ta yi wa mai albashi nauyi ƙwarai, ko wane akawu da malami yana neman inda zai rage kashe kuɗi. Neman sauƙi ba laifi ba ne. Amma fa mu sani, ƙaramar mota irin ta ma'aikaci nauyinta ya kan kai kilo 1,200, watau nauyin buhun siminti 24 ke nan. Wanda duk zai kwanta a ƙarƙashin wannan kaya, ransa ya ajiye jingina. Don haka maganar ta wuce ta kuɗi.

YADDA AKA FARO

A zamanin En'e, sa'ad da Birnin Kudu da Gwaram su ke gundumomi a ƙarƙashin Kano, mota ba abar kowa ba ce. Akawu da malami keke su ke hawa, wanda ya ɗan samu ya hau babur. Motocin hukuma kuwa a kan kai su garejin hukuma, inda makanike zai sauka cikin rami ya duba su. Al'amura sun fara sakewa bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, da kuma buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Daga nan 504 ta zama motar ma'aikaci. Ita kuwa tana da tashi daga ƙasa, mutum siriri ya kan iya shimfiɗa buhu ya kutsa ƙarƙashinta. Aka rushe tsarin En'e a 1976, aka kafa Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka yawaita, motoci suka yawaita. Sai dai motocin yanzu, irin su Golf da Corolla, cikinsu dab da ƙasa ya ke, ko hannu da ƙyar ya ke shiga. Wannan shi ya sa dole a nemi dabara: ko mutum ya sauka ƙasa da motar, ko motar ta tashi sama da mutum.

Na'urar ɗaga mota ita ma ba baƙuwa ba ce a duniya. Wani makanike ne a birnin Memfis na ƙasar Amurka, mai suna Peter Lunati, ya ƙago ta, aka ba shi takardar mallakar fasaharsa a 1925. An ce kujerar mai aski ce ta ba shi tunanin, da ya ga yadda a ke taka ta da ƙafa ta tashi da ƙaton mutum. Hikimar kuwa ita ce wadda masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana tun cikin ƙarni na 17, watau idan aka matsa ruwa ko mai a cikin rufaffen bututu, ƙarfin matsin ya kan bazu ko'ina daidai, har ƙaramin famfo ya iya tura babban kaya. Jak ɗin nan mai mai da direbobi ke ɗauka a bayan mota, da wannan hikima ya ke aiki.

ABIN DA RAMI YA KE BUKATA

Mu fara da rami, tun da shi muka sani. Alherinsa a bayyane ya ke. Ba ya bukatar wutar lantarki, ba shi da wani ƙarfe mai motsi da zai lalace, ba sai an sayo shi daga waje ba. Birkila na gari, da bulo da siminti da yashi da rodi, sun isa. Motar kuma tana tsaye bisa tayoyinta a ƙasa, babu inda za ta faɗo. Idan mutum yana so ya yi aiki a tsaye, zurfin ramin ya kan kasance tsakanin ƙafa 5 da ƙafa 6, gwargwadon tsawon mai shi, faɗinsa kuwa kamar ƙafa 2 da rabi zuwa 3, yadda tayoyi za su taka gefe da gefe da sauran wuri. Tsawonsa lalle ya ɗara na motar, domin idan mota ta rufe bakin rami duka, wanda ke ciki ba shi da mafita in wani abu ya faru.

To, amma kafin a ɗauki diga sai a tambayi ƙasa. Kudancin Jigawa ba kamar arewacinta ba ne mai yawan rairayi. Nan ƙasar duwatsu ce. Kowa ya san Birnin Kudu ya san duwatsun da ke kewaye da ita, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu zane-zanen mutanen da. Dutsen da ya fito sarari yana da 'yan'uwa a kwance ƙarƙashin ƙasa. A waɗansu unguwanni mai haƙa ba zai yi nisa ba sai ya ji diga ta yi ƙara ta dawo masa. Fasa fā kuwa aiki ne mai cin kuɗi, kuma ya kan girgiza harsashin ginin da ke kusa. Dabara mai sauƙi ita ce mutum ya tambayi maƙwabta yadda suka sha da haƙa rijiya da masai. Masu haƙar rijiya na unguwa sun fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.

Inda babu dutse kuma, sai a tambayi ruwa. Garuruwa da yawa na ƙasar Gwaram kusa da kogi da fadama su ke. Da rani mutum zai haƙa rami ya gan shi a bushe ƙayau, ya yi murna. Bari Agusta ta shigo, ruwan ƙasa ya taso, sai ya wayi gari ya tarar ya gina wa kansa kududdufi a cikin ɗaki. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, wadda ta ci gonaki da gidaje a ƙananan hukumomin Jigawa da yawa. Duk gidan da ruwa ya taɓa shiga tsakar gidansa, ko kuwa rijiyarsa ta kan cika har a ɗebi ruwa da gajeren igiya da damina, to, ba gidan rami ba ne. Ruwan da ya kwanta kuwa ba a banza ya ke kwanciya ba. Cikin kwana 10 ko makamancin haka sauro ya kan ƙyanƙyashe ya tashi, mai gida ya koma sayen maganin zazzaɓi da kuɗin da ya so ya tsimi. Ga kunama da maciji, su ma masu son wuri mai sanyi da duhu ne.

HAƊARIN DA BA A GANI

Akwai wani abu da makanikai da yawa ba su kula da shi ba, alhali shi ne mafi muni. Tururin fetur ya fi iska nauyi har ninki 3 ko fiye. Ba ya tashi sama kamar hayaƙin itace, gangarawa ya ke yi kamar ruwa, ya nemi wuri mafi zurfi ya kwanta. A cikin gareji kuwa babu wuri mafi zurfi da ya wuce rami. Idan tankin mota yana ɗiga, ko aka kwance bututun mai a bisa rami, tururin zai taru a ƙasa ba tare da ido ya gan shi ba. Ƙyastin ashana ɗaya, ko guntun taba, ko tartsatsin walda, ko ƙwan lantarki da ya faɗi ya fashe, ya isa ya mai da ramin tanderu, mutum kuma yana ciki. Mu mutanen Jigawa ba sai an ba mu labarin wutar fetur ba. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, man ya kwarara cikin magudanar ruwa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Haka nan iskar gas ta girki, ita ma ta fi iska nauyi, don haka kada a ajiye tukunyarta a ɗakin da ke da rami. Sa'an nan ga hayaƙin salansa. A cikinsa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, mutum zai fara jin ciwon kai da jiri, daga nan sai barci ya ɗauke shi, barcin da ba lalle ne a farka ba.

Na ƙarshe, kuma shi ne ya fi tsaya mana a rai, gidajenmu ba garejin kasuwa ba ne. Gidan Bahaushe gida ne na yara, da namu da na maƙwabta da almajirai, ga tsofaffi masu raunin gani, ga awaki da tumaki. Makanike ya kan kulle wurin aikinsa da almuru ya tafi gida. Mai rami a gida kuwa da shi ya ke kwana. Faɗuwa cikin rami mai ƙafa 6 bisa kankare ta isa ta karya babba, ruwan da bai kai gwiwa ba kuma ya isa ya halaka yaro mai rarrafe. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Wannan ba na mugunta ba ne, amma shi ma wanda ya gina shi da iyalinsa su ne mafi kusa da bakinsa.

ABIN DA NA'URA TA KE BUKATA

Yanzu mu juya ga na'ura. Iri biyu aka fi gani. Akwai mai ginshiƙi 2, wadda ke miƙa hannuwa huɗu ƙarƙashin mota ta tallabe ta, tayoyi su yi reto. Akwai mai ginshiƙi 4, wadda mota ke hawa kanta kamar gada, sa'an nan a ɗaga ta gaba ɗaya. Gaskiya ne, aiki da na'ura ya fi daɗi. Mutum yana tsaye cikin haske da iska, yana ɗaga motar daidai tsawon da ya ke so. Mai ginshiƙi 2 kuma tana da wata falala da rami ba shi da ita, watau tana sakin tayoyi, a gyara birki da abin da ya shafi ƙafafun mota cikin sauƙi. A bisa rami kuwa, in za a cire taya, sai an sake kawo jak.

Amma ita ma tana da sharuɗɗanta, kuma masu tsauri ne. Na farko daɓe. Masu ƙera ta sun sharɗanta kankare mai ƙarfi wanda kaurinsa bai gaza inci 4 ba, waɗansu ma har inci 6, wanda aka bari ya bushe sosai kafin a kafa ƙusoshi. Daɓen da muka saba yi a ɗakunanmu, siminti kaɗan bisa ƙasar cike, ba zai riƙe ta ba. Ranar da ƙusa ta tumɓuke, ginshiƙi da mota tare za su zo ƙasa. Na biyu rufi. Ana bukatar tsawon kamar ƙafa 12 daga daɓe zuwa sama, ɗakunanmu kuwa da wuya su kai haka. Na uku wuta. Injinta ya kan ci kimanin kilowat 2, kuma a lokacin tashi yana jan wuta fiye da haka ninkin-ba-ninki. Ƙaramin janareto na kunna ƙwai da fanka ba zai motsa ta ba. Waɗansu ma sai da wuta mai layi uku irin ta masana'antu. Duk wanda ke zaune a garuruwanmu ya san halin wutar lantarki, ba sai mun tsawaita ba.

Na huɗu kuɗi da kulawa. Daga waje a ke shigo da ita, farashinta yana bin dala, dala kuwa tun 2024 ta haura naira 1,000. Bayan saye ga kuɗin ɗauko ta, ga na mai kafawa, wanda sai an nemo shi daga birni. Ƙurar hunturu tana cin robobin da ke tsare manta, igiyoyin ƙarfenta suna bukatar mai da dubawa, ƙusoshinta suna bukatar ɗauri. A Ingila, dokar da aka kafa a 1998 ta wajabta wa masu wuraren aiki su riƙa kawo gwani yana bincika irin waɗannan na'urori a kai a kai. A Gwaram wa zai bincika wa malam tasa? Sa'an nan aiki da ita sai da koyo. Dole a sa hannuwanta daidai wuraren da masu ƙera motar suka tanada, dole a sauke nauyin bisa sakatar ƙarfe kafin a shiga, kada a dogara da mai kaɗai. In aka cire abu mai nauyi kamar giya, motar tana iya rinjaya gefe guda. Kayan gwanaye ne, a hannun gwanaye ya ke da aminci.

TO, INA MAFITA?

Mu tambayi malam tambaya ɗaya: sau nawa a shekara za ka shiga ƙarƙashin motar nan? Baƙin mai an saba juye shi bayan tafiyar kamar kilomita 5,000. Ga mai zuwa makaranta da kasuwa, da ɗan zuwa Dutse ko Kano jifa-jifa, wannan bai wuce sau 3 ko 4 a shekara ba. A ƙara da duba salansa da ɗaure ƙusa bayan damina ta ɓata hanya. Ashe saboda aikin kwana biyar ko shida a shekara mutum zai ajiye rami a gidansa kwana 365, ko kuwa ya zuba kuɗin da ya isa ya rufa ɗakuna? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai hanya ta uku, kuma ba baƙuwa ba ce, kowa ya gan ta a wuraren wankin mota da na juyen mai a bakin babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu. Ita ce gadar siminti, watau dakali biyu a jere da mota ke hawa. Ta 'yan kasuwa doguwa ce mai cin fili. Ta gida kuwa ƙarama ta isa: dakali biyu na kankare tsantsa, tsayinsu kamar inci 10, da gangara mai sauƙi yadda gaban mota ba zai gogu ba, da ɗan tudu a ƙarshe mai tare taya. Tayoyin gaba su hau, a ja birkin hannu, a sa giya, a sa wa tayoyin baya waigi. Wannan ya ba mutum wurin juye mai da duba yawancin abin da ke ƙarƙashin inji. Ba ta tara ruwa, ba ta tara tururi, yaro ba ya faɗawa ciki, dutse ba ya hana gina ta, wuta kuma ba ruwanta. In an gina ta a fili ƙarƙashin rumfa, ya fi a cikin ɗaki.

Domin aikin taya da birki kuwa, sai a nemi jak mai kyau da matokaran ƙarfe guda biyu masu faɗin gindi, waɗanda aka ƙera domin ɗaukar nauyin mota. A nan za mu ja kunne da babbar murya. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kada ɗan Adam ya sa ko da kafaɗarsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada kuma a tokare ta da bulo, domin bulo ba ya gargaɗi, farat ɗaya ya ke rugujewa. A kafa matokari bisa daɓe mai ƙarfi, ba bisa rairayi ba, a girgiza motar a tabbata ta zauna, a tura tayar da aka cire ƙarƙashinta domin ko-ta-kwana, kuma a sami wani a kusa wanda zai ji kira.

GA WANDA YA NACE SAI RAMI

Ba mu ce rami haramun ne ba. Makanike mai sana'a, ko mai motocin haya da ke duba su ko wane mako, wanda filinsa ke kan tudu busasshe, rami zai yi masa amfani shekara da shekaru. Sai dai ya kiyaye waɗannan. Ya gina bangon da bulo cikakke da kankare da rodi, ya yi masa shafe mai hana ruwa. Ya nisanta shi da harsashin gini da rijiya, domin baƙin mai in ya tsiyaya ƙasa ya kan ɓata ruwan sha. Ya yi matakala ta gini, ya tayar da ɗan gefe a bakin ramin mai hana taya zamewa. Ya yi masa murfi na katako mai kauri ko na ƙarfe, wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba, ya mayar da shi duk sa'ad da ya fito, ko da salla zai je ya dawo. Kada ya juye fetur a kansa, kada ya shiga da wuta ko taba, ya haska da tocila mai batir. Ƙofa da tagogi su kasance a buɗe, inji kuma a kashe. Ita kuwa na'ura, mu bar wa mai babban gareji da ke karɓar motoci kullum, wanda aikinsa zai biya kuɗinta da na kula da ita.

Saboda haka amsarmu ga malam ita ce, ya zuba daɓensa lafiyayye ba rami, ya gina 'yar gada a tsakar fili, ya sayi jak da matokarai. Babban aiki irin na kuloci da giya kuwa ya kai wa masu shi, su ma su ci abinci. Ragowar kuɗin ya sa a rufin ɗaki da karatun yara. Muna kuma roƙon malaman makarantu, musamman masu koyar da kimiyya da sana'a, su bayyana wa ɗalibai maganar tururin fetur da hayaƙin inji, domin da yawa daga cikinsu gareji za su nufa koyon aiki, kuma abin da suka ji a aji yana iya tsirar da su wata rana. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da sharrin ƙarfe, ya sa mu hau lafiya mu sauka lafiya, amin.